Muryar Liman a Bakin Ɗana

Tun da na dawo daga Yamai ba a bar ni na sha shayi cikin natsuwa ba. Wannan ya ce yaya hanya, wancan ya ce da gaske ne burodinsu ya kai tsawon hannu. Ni ba mai yawan magana ba ne, kun sani. Zan faɗa sau ɗaya a nan. Da girmana na koyi haɗa baƙi, don haka kada a nemi ado. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a ƙyale ni.

Sunana Arzika, a Argungu aka haife ni. Da can jirgi nake tuƙawa, ina ƙetarar da mutane zuwa fadama. Shekarar da gulbi ya cika ya batse, jirgin ya kife da mu. Matata Kulu da 'ya'yana mata biyu suna ciki. Yaro ɗaya na fito da shi a hannu, Nasiru. Daga ranar ban sake taka jirgi ba. Yanzu gadin rumfunan ajiyar albasa nake yi.

Nasiru ya girma, ya taɓa boko, ya tafi neman abin yi. Shekara shida ke nan yana Yamai. Ya ce mini aikin murya yake yi. Ban gane ba, ban kuma tambaya ba.

A farkon daminar bana ruwa ya yi jinkiri. Malam Sahabi, limamin unguwarmu, ya fitar da mu roƙon ruwa, bayan kwana biyu aka samu. Ba a yi wata guda ba wani guntun bidiyo ya shigo wayoyin mutane. Katun ne, mutanen zane masu manyan kawuna, na ƙasar Turawa, an ɗora masa Hausa. Wani dogo mai baƙar riga ya laɓe a ɗaki yana kallon talabijin, wata mata tana faɗin ranar da za a yi ruwa. Ya rubuta ranar a tafin hannunsa. Ya fito, ya yi gyaran murya sau biyu, ya ce, "To, jama'a, mu rage gardama. Ran Talata za mu hita roƙon ruwa." Sai wani mai tumbi ya leƙo ta taga ya ce, "Allah gafarta malam, ashe kai ma sai ka tambayi talabijin kahin ka tambayi Sama?" Nan bidiyon ya ƙare. Bai fi rabin minti ba.

A unguwarmu babu wanda bai san gyaran muryar nan ba. Malam Sahabi ba ya fara magana sai ya yi shi sau biyu, ya ce mu rage gardama. Babu kuma wanda bai san wanda ya iya kwaikwayonsa ba, don Nasiru tun yana ƙarami yake yi ana dariya.

Gado mai shayi ya daina ajiye mini kofina. A masallaci, in na tsaya a sahu, sai a bar tsawon mutum ɗaya a damana da haguna. Sai dattawa uku suka same ni a bakin rumfa, Alhaji Labbo ne bakinsu.

Ya ce, "Arzika, ɗanka ya ci mutuncin liman, ya yi wa addu'a ba'a. Ran Juma'a bayan la'asar ka tashi gaban jama'a ka ce ka sallama shi, ba kai ba shi. In ba haka ba mu ba mu san abin da samari za su yi ba ran da ya taka garin ga."

Na ce, "Ku ba ni Juma'a biyu."

"Ka yi mi da su?"

"In ji daga bakinshi."

Malam Sahabi kansa bai ce mini komai ba. In mun haɗu yakan amsa sallama ya wuce. Shirun nan ya fi maganar Alhaji Labbo nauyi.

Na kira lambar yaron ya fi sau goma, ba ya ɗauka. Na ɗaure bandar kifi a takarda, na sa riga biyu a buhu, na ɗauki katina na ɗan ƙasa da takardar da lambar take, na fita da sassafe. Ban yi sallama da kowa ba. Babu wanda zan yi da shi.

Daga Argungu zuwa Birnin Kebbi kun san hanya. Mun wuce Ambursa shinkafa ta yi kore. A tashar Birnin Kebbi na shiga motar Kamba, aka matse mu huɗu a baya. Kafin mu kai Kalgo wani saurayi kusa da ni ya fito da waya ya kunna bidiyon. Muryar ɗana ta cika motar. Direba ya yi dariya har ya bugi sitiyari, sannan ya gimtse fuska ya ce, "Allah shi tsine ma wanda yay yi wannan." Wata mata a gaba ta ce, "An ce ɗan Argungu ne. Ko ina ubanshi yake?" Saurayin ya ce, "Irin waɗanga ai ba su da uba." Ya juyo gare ni ya ce, "Ko ba haka ba, Baba?"

Na ce, "Ƙafarka na kan kifina."

Ya janye ƙafar. Kifi biyu sun riga sun farfashe.

A kan iyaka aka sauke mu, kowa ya riƙe katinsa. Ɓangarenmu ba a daɗe ba. A ɓangaren Nijar wani jami'i ne zaune ƙarƙashin rumfa, baƙi, gajere, da gashin baki. Ya karɓi katina bai duba ba, fuskata yake kallo. Tsagen Kabawa ne a kumatuna, ba ya ɓoyuwa.

Ya ce, "A'a. Yau ga bawana ya kawo gaisuwa. Bakabe, kifi ya ƙare a gulbi ne kuka fara shigo muna ƙasa?"

Sai na gane. Na ce, "Kai ɗan ina ne?"

"Maraɗi. Bakatsine, ubangidanka."

Kun san tsakaninmu da Katsinawa. Taubasai ne, duk abin da suka faɗa mana ba ya zama faɗa. Ya juya katin ya ce, "An rubuta Musulmi a goshinka ko? Faɗa mini gaskiya, kun musulunta kuwa, ko har yanzu kuna kai wa gulbi baƙin bunsuru?"

Na ce, "Muna salla tun ran da kakanka ya gudo daga Katsina bai tsaya ɗaukar buta ba."

Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Abokin aikinsa, wanda ba Bahaushe ba, ya tsaya yana kallonmu, ya zaci rigima ce. Ni ma na ji bakina ya buɗe. Rabona da dariya tun kafin bidiyon. Bakatsinen ya miƙo katin ya ce, "Ina za ka?"

"Yamai, wurin ɗana."

"Lahiya?"

"Shi za ni in gano."

Ya dube ni ya daina wasa. Ya rubuta mini a bayan takardata sunan tashar da zan sauka. Na ba shi ɗaya daga kifin da ya fashe, na ce wannan ne rabon bayi. Ya karɓa.

Ina cikin motar Gaya maganar ta tsaya mini a rai. Mutumin nan ya taɓa addinina da bakinsa, a gaban mutane, na yi dariya. Da Alhaji Labbo ne ya faɗi rabin haka da sai an raba mu. Ban san me zan yi da wannan tunani ba, na ajiye shi.

Daga Gaya zuwa Doso motar ta lalace sau biyu. Na biyun wani ƙarfe ne ya karye a ƙasa, muka zauna gindin itace har rana ta yi sanyi. A nan Hausa ta fara ƙaranci, Zabarmanci ya yi yawa. Mutane suna hira suna dariya, ni ina zaune kamar kututture. Wata tsohuwa ta buɗe ƙwarya ta miƙo mini dambu da zogale, ta ce wani abu. Na ce na gode. Ta sake cewa wani abu. Na sake cewa na gode. Ta girgiza kai, ta kama hannuna ta zuba mini ruwa. Ashe cewa take in wanke hannu.

A Doso na kwana a rumfar tasha, buhuna ne matashi. Da safe na je wurin mai shayi. A can ba a ba ka shayi da burodi yanka-yanka irin namu. Burodinsu dogo ne, siriri, bayansa da tauri. Mai tambaya, ga amsarka: ya kai tsawon hannu har ya wuce. Na gatsa, haƙorina na gefe da ya daɗe yana girgiɗi ya fita a ciki. Mai shayin ya ga jini ya rikice. Na ce ya ƙyale, dama tafiya yake nema. Na jefa haƙorin a kwata, na jiƙa sauran a shayi kamar yadda na ga suna yi.

Hanyar Doso zuwa Yamai shingaye ne. A sauka, a nuna kati, a hau. Jami'ansu ba sa ihu irin namu, ba sa kuma sauri. In ka gaishe su sai sun amsa gaisuwar duka kafin su karɓi katin. Wannan ya burge ni.

Na sauka Yamai da hantsi. Gari ne babba, jar ƙasa, babura da yawa. Akwai kogi a tsakiyarsa, ya fi namu faɗi nesa. Na hango masu jirgi a kai, na juya baya. Ba ni da kwatancen gida, lamba kawai. Na kira da wayata, ba a ɗauka ba. Na zauna wurin wani mai gyaran takalmi, Ba'adare, Bahaushen Nijar, na faɗa masa ɗana ba ya ɗaukar kirana. Ya ce, "Kila lambar Najeriya ce ba ya so. Gwada tawa."

Bugu biyu aka ɗauka.

"Wa ke magana?"

"Ni ne."

Na ji numfashinsa.

"Baba? Kana ina?"

"Gindin wani mai gyaran takalmi, bakin tasha."

"Wace tasha?"

"Ta garinku."

Ya zo a kan babur. Ya rame, ya tara ƙasumba. Ya durƙusa a cikin ƙasa gaban mutane. Na ce ya tashi, ya ɗauki buhu. A hanya ya ce tun da bidiyon ya fita lambobin Najeriya ke kiransa ana zagi, wasu suna faɗin abin da za su yi masa, shi ya sa ya daina duba wayar. Na ce, "Ba hira na zo ba. Kai ni inda kuke yin abin."

Ɗaki ne ƙarami a bayan wani shago. An manna kwalayen ƙwai a bango, an jingina katifa a ƙofa, wai don kada ƙarar titi ta shiga. Zafi kamar tanda. Akwai wani mutum a gaban na'ura, Bitrus, Badakkare daga Zuru, Kirista. Ya girmi Nasiru. Shi ne ke jin Turancin sosai, shi ke haɗa sauti. Ya gaishe ni da Hausa mai kyau, ya ba ni kujerarsa.

Na ce, "Ku nuna mini shi duka. Da harshen masu shi tukuna."

Nasiru ya ce, "Baba, ba za ka ji ba."

"Ina da ido."

Suka kunna. Gida ɗaya ne: uba mai tumbi, uwa, 'ya'ya biyu, da kare. Na yi ta tsayar da su. Me ya sa kare ke kwance a gadon maigida? Bitrus ya ce a can kare ɗan gida ne. Me ya sa yarinyar ke nuna ubanta da yatsa tana magana? Ya ce nan ne abin dariyar, ita ce mai hankalin gidan. Na ce a nan ba dariya za a yi ba. Aka nuna sun taru a tebur gaban wani ƙaton tsuntsu gasasshe, kowa ya ɓata rai. Bitrus ya ce biki ne na shekara, dangi kan taru su gode wa Allah, kuma kowa ya san a ranar ake faɗa, shi ya sa masu kallo ke dariya tun kafin a yi magana. Na ce wannan na gane, muna da irinsa ran rabon gado.

"A Hausar me kuka ce da shi?"

Nasiru ya ce, "Mun ce Sallah ce. Tsuntsun kuma mun ce don rago ya gagara saye ne."

"Mi ya sa?"

"Haka ake aikin, Baba. In ka bar shi yadda yake mutanenmu ba su ganewa, ba su dariya. Sai ka jawo shi gida. Sunayensu ma mun canza. Garin mun mai da shi kamar namu."

Sai dogon mai baƙar riga ya fito. Na ce, "Wannan fa?"

Bitrus ya ce, "Fasto ne. Limamin cocinsu."

"Ba liman ba ne."

"A'a."

"Masu zanen, addininsu ɗaya da shi?"

"Yawancinsu a cikinsa suka tashi."

"To shi taubashinsu ne?"

Bitrus ya yi murmushi. Ya ce, "Baba, a can babu wannan. Kowa na taɓa kowa. Shugaban ƙasa, fasto, uban mutum. Wasu na jin haushi, su rubuta takarda, a ci gaba."

"Kai kana dariya in an taɓa faston?"

Ya ce, "Mahaifina mai wa'azi ne a ƙauyenmu. Wani wurin ina dariya, don na san irinsu. Wani wurin ina cire abin sauraro daga kunnena in bar shi ya wuce."

Na ce su ci gaba. Aka zo wurin talabijin da tafin hannu da mai tumbi a taga. Na zaci nan ne ƙarshe. Ashe ko rabi ba a yi ba. Ranar Talata ta zo, gari ya fita fili, kowa da lema. Rana ta take. Aka yi addu'a, aka jira, ko gajimare babu. Matar talabijin ta yi kuskure. Mutane suka watse suna gunaguni. Dogon ya zauna shi kaɗai a kan dutse, mai tumbi ya dawo ya zauna kusa da shi. Bitrus yana fassara mini a hankali. Dogon ya ce ba don ya raina addu'a ya duba talabijin ba. Tsoro ya ji kada mutane su roƙa ba a ba su ba, su daina roƙo gaba ɗaya. Ya ce ya so ya taimaki Ubangiji, ya manta ba a taimakonSa. Mai tumbi ya ba shi rabin abin da yake ci. Suna zaune, ba kowa a filin, ɗigo ya faɗo a tafin hannun, ya wanke rubutun.

Na ce, "Wanda ya yanko bai kai nan ba."

Nasiru ya ce, "Shi nake ta faɗi, Baba. Ba addu'a anka yi ma ba'a ba. Wanda ya dogara ga talabijin anka yi ma."

Na ga ya samu ƙarfi, har ya gyara zama. Na ce, "Kunna na Hausar."

Aka kunna. Dogon ya yi gyaran murya sau biyu. Na ɗaga hannu aka tsayar.

"Muryar wa ce wannan?"

Na juya ga Nasiru na ƙara:

"Malam Sahabi taubashinka ne?"

"A'a."

"Jikanshi kake?"

"A'a."

"Shi ya raɗa maka suna. Shi ya yi wa uwarka salla ran da anka fiddo ta daga ruwa. A kan iyaka wani Bakatsine ya ce mini ban musulunta ba, na yi dariya, don shi yana da wannan hakkin a kaina, ni ma ina da shi a kanshi. Kai wa ya ba ka? Turawan nasu suka taɓa. Kai ka ɗauko mutum mai rai, da unguwarshi, a shekarar da ya fitar da mu roƙon ruwa, ka sa mishi baƙar riga."

Ya ce, "Ban san kun fita roƙon ruwa ba. Tun bara munka yi shi."

"Da ka kira gida da ka sani."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "An ce in yi muryar liman. Na rufe ido in nemo. Ba ni da wata muryar liman a kaina, Baba. Shi kaɗai ne."

Na ce a ci gaba, don ban saba barin abu a rabi ba. Aka koma gidan mai tumbi. Yaron gidan yana ta surutu a kan abinci, uban ya dube shi ya ce, "Ci ka tashi." Bitrus ya saci kallona. Maganata ce. Haka nake ce wa Nasiru tun yana yaro, da irin muryata, har da yadda nake jan ƙarshenta. Ashe mai tumbin nan ni ne.

Sai uwar ta leƙo daga madafa da tukunya a hannu ta ce, "Ku taho ku ci kahin ƙuda su riga ku bisimilla."

Kulu ce kaɗai ke faɗin haka. Ban ji shi ba tun shekarar ruwa. Muryar ba tata ba ce, amma hawa da saukar nata ne.

Na ce, "Wa ya yi wannan?"

Nasiru ya ce, "Wata Bazabarma ce. Kwana uku ina koya mata."

Bitrus ya tashi ya ce zai sayo ruwa. Ya daɗe bai dawo ba. Muka zauna ni da yaron a ɗakin kwalayen ƙwai, hoton ya tsaya a kan matar da tukunyarta. Na gane abin da ya yi. Shekara shida yana garin da ba a san shi ba, ya kwashe unguwarmu duka ya zuba a bakin mutanen zane. Har Gado mai shayi na ji a ciki, shi ne mai shagon da ba ya ba da canji.

Kwana uku na yi. Ɗakinsa tabarma ce da katifa ɗaya, ya bar mini katifar. Ya dafa kifin da shinkafa, ya cika gishiri. Ba mu yi hira mai yawa ba, ba mu saba ba. Na ce abu biyu zai yi. Na farko, ya cire muryar Malam, ya bar mutumin a faston da yake. Nasiru ya ce to sai Bitrus ya yi muryar faston. Bitrus ya ce, "Wato yanzu ni za a hana shiga Zuru." Ƙarshe suka ba shi wata murya da ba ta kowa ba. Na biyu, ya sa mini tsohon duka a wayata, da muryar Malam ɗin, kada ya rage komai. Ya ce, "Baba, shi za ka nuna ma Malam?" Na ce shi.

A tasha ya riƙe buhuna bai saki ba. Ya ce, "In zo da Sallah?"

Na ce, "Sai na kira ka. In ka ga lambar Najeriya ka duba, tawa tana ƙarewa da bakwai biyu."

Dawowa ba abin faɗi. Bakatsinen ba ya kan aiki ranar, wani ne ya duba katin bai ko kalli fuskata ba.

Na iso ran Laraba. Ran Alhamis da hantsi na bi Malam Sahabi fadama, yana duba shinkafarsa. Na yi sallama, na ce, "Malam, na zo da abin duka. Ka gani, sannan ka ce abin da za ka ce." Muka zauna a kan kunya. Na riƙe masa wayar. Da ya ji gyaran muryarsa bai motsa ba. Ya kalla har ɗigon ya wanke tafin hannun. Ya daɗe yana kallon shinkafa.

Ya ce, "Ran da zan sa ranar hita, sai da na duba gabas kwana uku. Na duba tururuwa ko sun fara kwashe ƙwai. Ban gaya ma kowa ba."

Na mai da wayar aljihu.

Ya ce, "Abin da ke nawa na yahe. Ya iya ni, ɗan banza, har inda nake haɗiye yawu. Amma Arzika, mutane rabin minti sunka gani, kuma ba su zama su ga saura. Kada ya zo bana. Baɗi ma sai mun gani."

"Gobe fa?"

"Gobe bakinka ne. Ni ban aiki kowa wurinka ba."

Ran Juma'a da la'asar masallaci ya cika fiye da kullum. Alhaji Labbo ya ce ba sai an jira bayan salla ba, in faɗa yanzu kowa ya ji. Na tashi. Na ce, "Na je, na gani, na ji daga bakinshi. Ya yi kuskure, na faɗa mishi, ya gyara. Ban sallama shi ba. Shi kaɗai na fito da shi daga ruwa." Na zauna.

Aka yi gunaguni. Wani daga baya ya faɗi magana, ban juya ba. Ladan ya ta da iƙama, muka miƙe. Damana tsawon mutum, haguna tsawon mutum. Malam Sahabi ya juyo ya dubi sahu kamar yadda ya saba. Ya yi gyaran murya sau ɗaya. Ya buɗe baki zai yi na biyu, ya fasa. Ya ce, "A cike sahu."

Ba wanda ya motsa. Malam bai juya ba. Ya sa hannu a baya ya tsaya yana kallon gurbin. Aka daɗe har wani tsoho ya fara tari. Sai na ji kafaɗa ta taɓa tawa ta dama. Gado ne. Ta hagu wani baƙo ne da bai san zancen ba. Sannan Malam ya juya ya yi kabbara.

Iyakar tafiyar ke nan. Alhaji Labbo har yau ba ya amsa gaisuwata. Kofina ya dawo wurinsa a teburin Gado. Da rana in na zauna bakin rumfar albasa na buɗe kwanona, nakan kai wayar daidai wurin matar da tukunya, in saurara sau ɗaya, in kashe, in ci.

Kun tambayi hanya, kun tambayi burodi, wani har ya tambayi farashin albasa a can. Babu wanda ya tambayi yaron. Yana lafiya. Ya rame. In na kira yana ɗauka.